MOTA DA MATUƘI: Jar Fitilar Batir Ba Ado Ba Ce

Daga cikin 'yan fitilun da ke allon gaban direba, babu wadda matuƙan tsofaffin motocin kaya suka raina kamar 'yar jar fitilar nan mai hoton batir. Wani in ta kama sai ya ɗan bugi allon da tafin hannu, in ta mutu shi ke nan, in ba ta mutu ba ya ce ai halinta ne. Wani kuwa takarda zai samu ya liƙe ta don kada ta dame shi da dare. Har akwai mai sa yaron mota ya zare ƙwan ɗungum, wai don a huta. To, jama'a masu karatu, a wannan mako a kan wannan fitila za mu tsaya, mu ga abin da take faɗa, da kuma yadda ake bin sawun ciwon daki-daki har a kai ga inda yake.

Maganar ba ƙarama ba ce. Motar da ta ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa za ta Legas, in fitilunta suka dushe da tsakar dare tsakanin Mokwa da Jebba, to kwana ɗaya a bakin hanya ya isa ya mai da dukiyar mutane ruwa. In shanu ne a ciki, wahalar ta fi haka. Wannan duk asarar kuɗi ce. Babbar asarar ita ce ta rayuka, domin kuwa duk wanda ya san hanyoyin ƙasar nan ya san abin da kan faru idan babbar mota ta tsaya a kan kwalta cikin duhu ba ko ƙyallin fitila a bayanta.

Motocin da muke nufi su ne irin waɗanda suka ga jiya suka ga yau: a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da Marsandi 911, da sauran manyan motocin da aka haɗa a Inugu daga 1980, da na Steyr na Bauchi da na Fiat na Kano, har zuwa kan tsofaffin Hilux da Canter da ake shigowa da su na hannu. Irin waɗannan motoci suna da wata fa'ida guda: wayoyinsu ba su da yawa, ba kuma kwamfuta a tsakani. Duk direban da ya natsu zai iya gane inda wutarsu ta fito da inda za ta.

ABIN DA FITILAR KE FAƊA

Kuskure na farko daga sunan ya samo asali. Da yake hoton batir ne a jikin fitilar, sai mutane su ɗauka batir ne ya lalace, su tafi su sayo sabo da kuɗi mai yawa, bayan kwana biyu shi ma ya kwanta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Batir tamkar randa yake, ajiya ce kawai. Mai zuba ruwa a randar shi ne altaneta, wadda injin ke juyawa da fambel. Aikin batir shi ne ya ta da injin, da zarar injin ya tashi kuwa, altaneta ce ke ciyar da fitilu da sauran kayan wuta, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. Saboda haka in fitilar ta kama alhali injin na aiki, abin da take cewa shi ne an daina zuba ruwa a randa, ana ta ɗiba kawai.

Yadda aka haɗa ta abin lura ne ƙwarai. Ƙwan yana da ƙafa biyu. Ɗaya tana samun wuta daga batir ta hanyar makulli, ɗayar kuma tana haɗe da wata siririyar waya da ta tafi bayan altaneta, wurin da a kan rubuta D+ ko lamba 61 a samfurin Bosch, wasu kuma su rubuta L. Idan ka murɗa makulli ba ka ta da injin ba, wuta kan bi ta cikin ƙwan ta shiga altaneta, shi ya sa fitilar ke kamawa. Idan injin ya tashi altaneta ta fara ba da tata wutar, sai ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai, ba mai tura wani, fitilar ta mutu. Watau dai kamar sikeli take. Duk lokacin da ta kama, ko ta yi ja-ja kaɗan, to wani ɓangare ya rinjayi wani.

Daga nan za mu fahimci cewa fitilar tana da harshe iri huɗu. In ta kama sosai ta tsaya, caji ya tsaya. In tana ƙiftawa, musamman a kan gargada ko in an taka totur, akwai abin da ya saki ko ya cinye. In tana ja-ja kaɗan, wanda sai da dare ake gani, to wuta tana ɓacewa a wani wuri, ko kuma wani sashe na cikin altaneta ya mutu. In kuwa ta ƙi kamawa sam lokacin da aka murɗa makulli, wannan ma ciwo ne, za mu zo kansa.

FARA DA FAMBEL

Idan fitilar ta kama kana cikin tafiya, kafin komi ka kai idonka kan allurar zafin injin. A yawancin tsofaffin motoci, fambel ɗin da ke juya altaneta shi ne ke juya famfon ruwa da fanka. In ya tsinke, ba caji kaɗai ya tsaya ba, ruwan lagireto ma ya daina zagayawa, cikin 'yan mintoci injin zai tafasa, abin da za a gyara da kuɗin fambel ya koma na sauke injin. Bugu da ƙari, a wasu motocin dizal kamar tsofaffin Hilux da Canter, famfon da ke taimaka wa burki a bayan altaneta aka ɗaura shi. In altaneta ta daina juyawa, bayan taku biyu ko uku sai burki ya yi tauri kamar dutse. Don haka ka rage gudu, ka nemi wuri mai kyau ka sauka daga kan kwalta, ka kashe injin, sa'an nan ka buɗe ka duba.

In fambel yana nan bai tsinke ba, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, a wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Bai kamata ya lotsa fiye da wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ka duba cikinsa: in ya yi santsi yana ƙyalli, ko ya tsattsage, ko mai ya jiƙa shi, ko ya nutse har ƙasan fuli, to zamewa yake yi ko da an ɗaure shi. Alamar zamewa ita ce ƙarar nan mai tsini da a kan ji da safe ko lokacin da aka kunna manyan fitilu. Amma fa kada a ce don gudun zamewa a ɗaure shi tamau kamar tsirkiya, domin yin haka kan cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa.

AWO DA MITA

Yau 'yar mitar awon wuta tana nan a kowace kasuwar kayan gyara, kuɗinta kuwa bai kama ƙafar na sabon batir ba. Ya kamata kowace motar kaya ta kasance da ita a akwatin sifana. Ana auna ƙarfin wuta da ma'aunin da ake kira bolt. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1. Saboda haka in mota ta huta na 'yan sa'o'i, lafiyayyen batir cikakke zai nuna wajen 12.6. In ya nuna 12.2, kusan rabi ya rage. In ya gaza 12, to ya kusa ƙarewa, sai a kai shi caji kafin a ci gaba da bincike, domin mataccen batir kan rikita sauran awon.

Sa'an nan a ta da injin, a ɗan taka totur sama da silo, a sake aunawa a kan batir ɗin. In caji na tafiya daidai, za a ga tsakanin 13.8 da 14.4. A kunna manyan fitilu da duk abin da ke cin wuta, a sake dubawa. Bai kamata awon ya faɗi ƙasa da wajen 13.5 ba. In mita ta tsaya a 12 da 'yan kai, tana ma raguwa, ba caji ke nan. In kuma ta haura 15, caji ya yi yawa, wanda shi ma ciwo ne: ruwan batir zai riƙa tafasa yana ƙafewa, a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, fitilu su riƙa ƙonewa a kai a kai. Ga manyan motoci masu batir biyu, watau masu bolt 24, sai a ninka waɗannan lambobi: wajen 25.2 a hutu, tsakanin 27.6 da 28.8 in injin na aiki.

KAN BATIR DA WAYOYI

Kafin a kwance altaneta, a bi hanyar da wutar ke bi. Sau da yawa altaneta lafiyarta lau, hanyar ce ta toshe. Farin garin nan ko kore-kore da kan taru a kan batir yana hana wuta wucewa. A cire kawunan, a fara da na ƙasa, watau mai alamar ragi wanda ke haɗe da jikin mota, a wanke su da ruwan kanwa mai ɗumi, domin kanwa tana kashe kaifin ruwan batir. Sai dai a kiyaye ƙwarai kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan. A kankare har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da sifana, a shafa ɗan basilin a kai. Wajen mayarwa, na ƙasa shi ne na ƙarshe. Kan batir da aka cusa wa ƙusa ko aka buga da dutse don ya kama, ba gyara ba ne, ajiye wahala ne zuwa gaba.

Akwai kuma wata waya mai kauri da ke haɗa injin da ƙarfen jikin mota, wadda a tsohuwar mota ta kan yi tsatsa, ko a manta da ita bayan an sauke injin. Ga yadda ake kama irin wannan ɓarna. Injin na aiki, fitilu a kunne, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan babban notin bayan altaneta, ɗayan kuma a kan batir mai alamar tarawa. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma bai kamata ya kai rabin bolt ba. A sake yin haka tsakanin jikin altaneta da kan batir na ƙasa. In awon ya yi yawa, to akwai notin da ya saki, ko wayar da ta ci wuta, ko fis ɗin da ya yi tsatsa. Irin wannan ne kan sa fitilar ta yi ja-ja alhali ba abin da ya sami altaneta.

ƘWAN DA KANSA

Yanzu sai mu koma ga masu zare ƙwai don su huta. Altaneta ba ta iya fara ba da wuta sai an ɗan sammata wuta tukuna, kamar yadda famfon rijiya ba ya jawo ruwa sai an ɗura masa kaɗan. A tsofaffin motoci da dama, wannan 'yar wuta ta farko ta cikin ƙwan fitilar nan take bi. Ke nan in ƙwan ya ƙone, ko an zare shi, ko siririyar wayar ta tsinke, altaneta na iya juyawa ba ta ba da komi, ko kuma ta ƙi farawa sai an taka totur da ƙarfi. Abin takaici, fitilar da za ta ba da labari ita ce ta mutu, direba yana tafiya hankali kwance har batir ya ƙare.

Don haka kowace safiya, in ka murɗa makulli, ka dakata daƙiƙa biyu ka ga fitilar ta kama, in injin ya tashi ka ga ta mutu. In za a sake ƙwan, a sa irin nasa na asali, wanda a mota mai bolt 12 ya kan kasance wajen wat 2. Ƙananan ƙwayayen zamani da ake kira LED ba su dace da wannan gurbi ba, domin wutar da suke bari ta wuce ba ta isa ta tashi altaneta, sai fa in mai gyaran waya ya yi musu dabarar da ta dace.

CIKIN ALTANETA

In fambel da wayoyi da ƙwai duk lafiya, to ciwon yana ciki, kuma nan aikin mai gyaran waya ne. Amma yana da kyau mai mota ya san abin da za a gaya masa. Abu na farko da kan cinye shi ne buroshi, wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar zoben da ke juyawa. In sun gajarce sai fitilar ta fara ƙiftawa, daga baya ta tsaya. Ƙurar hunturu da man da ke ɗiga daga injin suna gaggauta cinyewarsu. Na biyu shi ne na'urar daidaita wuta, wadda kanikawa ke kira katawut. A wasu tsofaffin motoci wani ɗan akwati ne daban a jikin bodi, a wasu kuma yana manne da buroshi a bayan altaneta. Shi ne kan jawo caji ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Na uku su ne dayod, waɗanda aikinsu shi ne su bar wuta ta fita ta hanya ɗaya, su hana ta komowa. In ɗaya ya mutu, caji kan ragu, fitilar ta yi ja-ja, wani lokaci a ji altaneta tana wani kuka siriri. In kuma ya ƙone ya buɗe hanya, sai batir ya riƙa tsiyayewa cikin dare ta cikin altaneta. Alamarsa ita ce mota ta kwana lafiya ta ƙi tashi da safe, in ka taɓa altaneta ka ji ta da ɗumi alhali injin ya yi sanyi. Duk waɗannan abubuwa uku ana sake su ɗai-ɗai, ba lalle sai an sayi altaneta sukutum ba. Mai mota ya nemi a nuna masa abin da aka cire, a kuma yi awon caji a gabansa kafin ya biya.

AL'ADUN DA YA KAMATA A BARI

Akwai wani gwaji da ya zama ruwan dare a garejinmu, watau a cire kan batir injin na aiki, wai in bai mutu ba to akwai caji. Wannan al'ada gadon zamanin dainamo ce. Tun daga 1960, lokacin da kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa altaneta a motarsa Valiant, sannu a hankali dainamo ya ba da wuri. Dainamo ba shi da dayod, ya kan jure irin wannan wasa. Altaneta kuwa, da zarar an raba ta da batir tana cikin aiki, wutar kan yi tsalle sama nan take, ta ƙone dayod ko katawut ko fitilu. Sau da yawa gwajin ne da kansa ke kashe abin da aka zo gwadawa. A wasu injinan dizal ma gwajin ba ya nuna komi, tun da wasu tsofaffin dizal ba sa bukatar wuta kafin su ci gaba da aiki.

Haka nan a kiyayi haɗa batir a juye lokacin da ake aron wuta daga wata mota, domin ƙiftawar ido ta isa ta ƙone dayod duka. In za a yi walda a jikin mota, a cire kawunan batir tukuna. Masu manyan motoci kuma su daina jan wutar rediyo ko ta cajin wayar hannu daga batir ɗaya cikin biyun, domin ɗayan zai riƙa rama, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, a ƙarshe a rasa duka biyun. In za a sake, a sake su tare, girma ɗaya, shekaru ɗaya.

Game da ruwan batir, zafin ƙasarmu yana ƙafar da shi da sauri, saboda haka a riƙa dubawa a kai a kai, a tabbata ya rufe farantan ciki. Abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, don haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuwa ruwan rijiya ba. Kada a kuskura a leƙa ɗakunan da ashana ko da taba a baki, domin batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ta kan fasa shi ta watsa wa mutum asid a fuska. A yi amfani da tocila.

IN ABIN YA SAME KA A DAJI

In fambel ne ya tsinke, ba maganar ci gaba sai an sa wani, shi ya sa direban kirki ba ya rabuwa da sabo a akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa fambel na nan, zafin injin daidai, burki lafiya, to kana iya lallaɓawa zuwa gari mafi kusa da abin da ya rage a batir, amma ka san lissafinsa. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace, da na baya, da wutar filogi, a haɗe suna jan abin da ya kai amfiya 15 zuwa 20 a mota mai bolt 12. Batir mai lamba 60 a jikinsa, a takarda zai yi sa'a uku ko huɗu, amma wannan sabo ne cikakke. Tsohon batir ba ya kai ko kusa da haka. Ka kashe rediyo da fanka da duk abin da ba dole ba, kada kuma ka kashe injin sai ka isa, domin sitata ta fi kowa cin wuta.

Motar fetur in batir ya ƙare tsayawa za ta yi. Tsohuwar motar dizal kuwa tana iya ci gaba da tafiya ba wuta, kuma a nan haɗarin yake, domin shi ke ruɗin direba ya bi dare da fitila kamar ta aci-balbal, ko ya bi bayan wata mota yana aron haskenta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In dare ya yi, fitilu sun fara ja, ka nemi fili ka fitar da motar gaba ɗaya daga kan titi tun da sauran haske, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku can nesa a bayanta, ka jira gari ya waye. Ganyen da a kan zuba a kan kwalta ba mai ganinsa cikin duhu.

Kira na ƙarshe ga masu motoci ne, waɗanda ke zaune a gida suna jiran balas. In direba ya zo ya ce fitilar batir tana kamawa, kada a ce masa ya je ya dawo tukuna. Kuɗin fambel da buroshi da 'yar mita, in an haɗa su duka, ba su kai na taya ɗaya ba, balle na kayan mutane, balle kuma rai. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sitata, da dalilin da kan sa a murɗa makulli a ji ƙas kawai alhali batir a cike yake.